Tsakanin Nakiya da Gurneti

 Maganar da na ɗauko yau maganar lugga ce, watau bambancin ma'ana tsakanin kalmomi biyu, nakiya da gurneti. Na san wani zai ce ina ruwan malamin allo da kayan soja da na masu fasa dutse. To, a yi mini haƙuri a ji dalili tukuna.

Cikin daminar 2025 wani alhaji mai sayen gwangwan, wanda ya kan tara tsofaffin ƙarafa daga ƙauyukan Rogo ya kai Kano, ya zo zaurena bayan la'asar ransa a jagule. A kwanakin ne wani abu ya fashe cikin lodin tsofaffin ƙarafa a wajen Hotoro, gabashin birnin Kano, ran 21 ga watan Yuni, ya kashe mutum 5, ya raunata waɗansu da dama. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, a kasuwa wani ya ce bam ne, wani ya ce nakiya ce, wani ya ce gurneti. Shin abu ɗaya ne mai suna uku, ko kuwa kowanne da kamanninsa? Ni dai ina so in san abin da zan gaya wa yarana su guje masa." Na ce, "Alhaji, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye. Ba ni kwana biyu."

Da dare bayan an tashi daga karatu, wutar ƙiskali ba ta mutu ba, sai na jarraba almajiraina. Na ce, mene ne bam? Suka amsa baki ɗaya, wai abu ne babba da a ke sawa cikin mota a birni, ya tashi ya rushe gini. Na ce, gurneti fa? Shiru, sai wani titibiri ya ce ya taɓa ganin ana jefa shi a fim. Na ce, to, nakiya fa? Sai wani ƙaramin kolo ya yi wuf ya ce ita ce wadda a ke kai wa gidan amarya tare da alkaki da dubulan. Aka fashe da dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Gama waɗannan yara su ne ranar Alhamis da Juma'a su kan bi juji da bayan gari suna tsintar ƙarfe, su kai wa irin su Alhaji su karɓi na sabulu.

Malaman lugga na da sun ba da ƙarfi ga wannan fanni ƙwarai. Abu Hilal al-Askari, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu na Hijira, ya yi littafi sukutum mai suna al-Furuƙ a kan bambancin kalmomin da jama'a ke zaton ma'anarsu ɗaya ce, hujjarsa kuwa ita ce, in sunaye sun saɓa lalle ne ma'anoni su saɓa, in ba haka ba suna na biyu ya zama kayan banza. Abin da ya faɗa game da Larabci yana nan a Hausa. Bahaushe bai ce da wannan nakiya ya ce da wancan gurneti don ado ba.

Mu fara da nakiya. Asalin ma'anarta a bakin ma'aikata ita ce maganin dutse, watau abin da a ke cusawa cikin hudar da aka yi wa dutse don a tarwatsa shi. Kayan aiki ce, 'yar'uwar diga da guduma, sai dai ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Alfred Nobel ne ya yi rajistar ƙirarta a 1867, Turawa kuwa suna ce mata dainamait. Kafin shi akwai wani irin mai mai tsananin ƙarfin fashewa, amma ba ya ɗaukuwa, ko girgiza kaɗan ta kan tashe shi, har ya kashe ƙanen shi Nobel ɗin kansa a 1864. Hikimar da ya yi ita ce ya shayar da man nan cikin wata irin ƙasa mai laushi, ya zama curi wanda za a iya ɗauka a kai wurin aiki. A kan naɗe ta cikin takarda, tsawonta kamar taƙi ɗaya, kamanninta kamar kyandir mai kauri. Waɗanda a ke yi yanzu haɗinsu ya sha bamban da na Nobel, waɗansu ma da taushi kamar alewa, amma sunan a Hausa bai canja ba. Mai haƙar rijiya in ya ci karo da fa, da masu fasa tsakuwa, da masu haƙar ma'adinai, da masu manyan ayyukan hanya da madatsar ruwa, duk ita ce abokiyar aikinsu. Mutanen Karaye da suka ga aikin madatsar Challawa kafin a gama ta a 1992 sun san irin manyan ayyukan da na ke nufi.

Abin lura a nan shi ne, nakiya sabuwa ba ta tashi da kanta. Sai an haɗa ta da wani ɗan siririn bututu mai kama da guntun fensir, wanda shi ke tayar da ita, shi kuma ta hanyar lagwani ko wayar lantarki. Saboda haka doka ta ce a raba wurin ajiyarsu. Wannan ɗan bututu kuwa kada a raina shi, shi kaɗai ya isa ya cire wa yaro yatsu. To, wannan haƙuri na nakiya shi ne ke ruɗin mutane. Mutum ya ga ta yi wata uku a ƙarƙashin gado ba ta yi kome ba, sai ya saki jiki da ita kamar buhun taki. Alhali kuwa in ta tsufa, ga zafin bazara a ɗakin kwano, sai man nan ya riƙa tsattsafowa kamar gumi, ta koma halinta na fari, wanda Nobel ya sha wahalar hore shi. Daga nan ba ta bukatar bututu ko lagwani, faɗuwa ko gogayya ta isa.

Dokar ƙasa ta kayan fashewa, wadda aka kafa tun 1964, ta hana saye da ajiye nakiya sai da lasin daga ma'aikatar ma'adinai ta Tarayya, kuma a ɗaki na musamman nesa da gidajen mutane. Wanda ya ga wannan tsanani ne, ya tuna da unguwar Bodija ta Ibadan. Ran 16 ga Janairu 2024 da dare, nakiyar da masu haƙar ma'adinai ba da izini ba suka tara cikin wani gida ta tashi, ta kashe mutum 5, ta raunata fiye da 70, ta rushe gidajen da masu su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ba abokin gaba ne ya kawo hari ba, maƙwabci ne ya ajiye kayan sana'arsa. Malaman fiƙihu namu sun ɗora lamuni a kan wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi har ta ci dukiyar wani. Ina ga wanda ya kwana da wannan abu a tsakiyar unguwa?

Sai gurneti. Shi ba kayan aiki ba ne ko kaɗan, makami ne, ba a ƙera shi don kome ba sai don kisa. Kalmar daga Turanci ta shigo mana, kamar yadda soja da bariki da kyaftin suka shigo, Turawan Ingila kuwa daga Faransanci suka aro ta, inda ma'anarta ta fari ita ce rumman. Dalili kuwa, ɗan dunƙule ne kamar rumman, cikinsa kuma cike da abin da ke watsuwa kamar 'ya'yan rumman. Larabawa a rubuce su kan ce masa ƙunbula ta hannu, amma a baki da yawansu rummana su ke cewa. Ka ga harsuna uku sun taru a kan siffa ɗaya, wannan kuwa darasi ne, gama sun raɗa masa suna da kamanninsa domin wanda ya gan shi ya gane shi. Irin wanda William Mills ya ƙera wa sojan Ingila a 1915, shi ne kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, jikinsa da tsage-tsage kamar abarba. Akwai kuma masu sumul kamar lemo, akwai masu ɗan tsawo kamar gwangwanin madara. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne zobe a wuya, da wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali kwance a gefe.

Ga inda ya rabu da nakiya. Ita tana jiran a kawo mata abin tayarwa daga waje, shi kuwa nasa yana cikinsa, cikakke ne tun daga maƙera. Zoben nan yana riƙe da fil, fil ɗin yana riƙe da cokalin, in cokalin ya saki to saura sakan 4 ko 5, gwargwadon abin da mutum zai ce a'uzu billahi bai ƙarasa ba. Sa'an nan ita nakiya da ƙarfin bugu ta ke aiki, don ta tsaga abin da ta ke manne da shi. Shi kuwa da gutsattsarin ƙarfen jikinsa ya ke kisa, suna fita ta kowace fuska kamar harsashi, su kashe na kusa, su raunata wanda ke nesa da yadi 15, wani gutsuren ma ya wuce haka da nisa. Wanda ya daɗe a ƙasa ya yi tsatsa ya fi sabo sharri, domin tsatsa ta riga ta ci fil ɗin. Wanda aka jefa bai tashi ba kuwa ya fi duka, gama ba abin da ke riƙe da shi sai ikon Allah. Duk nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Alhaji, ka lissafa da kanka nawa kilo ɗaya na ƙarfe ke kawowa a sikeli.

Ashe ke nan haɗarin nakiya a ajiya ya ke, ya fi faɗa wa babba mai sana'a da maƙwabtansa. Haɗarin gurneti kuwa a tsintuwa ya ke, ya fi faɗa wa yaro da makiyayi da manomi da mai sayen gwangwan. Gargaɗin da za a yi wa na farko dabam, wanda za a yi wa na biyu dabam. In sunan ya zama ɗaya, gargaɗin ma sai ya zama ɗaya, ya rasa wanda zai kama.

Abin da ya faru ke nan tun da kalmar bam ta shigo ta haɗiye su duka. Harafi biyu ce kurum, ba da mim, mai sauƙin faɗa, mai sauƙin yaɗuwa a kasuwa. Ba na ƙin ta, tana da wurinta. Amma mu mutanen Kano mun koye ta ne da hawaye, ran 20 ga Janairu 2012 da aka kashe mutum wajen 185 a birni cikin yini ɗaya, da ran Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 a babban masallacin birni, inda fiye da mutum 100 suka rasu. Tun daga nan in an ce bam, abin da zuciya ke kawowa shi ne mota da hayaƙi da taron jama'a da mugun mutum. Yaron da ya ga ɗan ƙarfe mai tsatsa kamar gwaiba a gindin kalgo, ba mota, ba hayaƙi, ba mugu, ta ƙaƙa zai haɗa shi da wannan kalma? Mai rijiya kuma da ka ce masa kada a ajiye bam a gida, sai ya ce Allah shi kiyaye, da gaskiyarsa kuwa, gama a wurinsa abin da ke ƙarƙashin gadonsa nakiya ce, ba bam ba.

Kada a ce wannan zato ne na malami. Cikin watan Janairu na 2024, a Kidandan ta ƙasar Giwa a jihar Kaduna, wani almajiri ya tsinto wani abu a daji ya kawo cikin 'yan'uwansa, ya fashe, ɗaya ya rasu, 10 suka ji rauni. Giwa kuwa ba Borno ba ce, ga mutumin Rogo, wanda ƙasarsa ta yi iyaka da Kaduna da Katsina, maƙwabta ne. A cikin wannan wata dai, a garin Gubio na Borno, almajirai 6 suka rasu a kan wani abu da aka haɗo cikin tarkacen ƙarfe. Na Hotoro kuwa da ya tayar wa Alhaji hankali, 'yan sanda sun ce harsashin ƙaramar igwa ne na soja wanda bai tashi ba, ya biyo lodin da aka ɗauko daga Yobe. Gwamnatin Borno ta hana tsintar ƙarfe a 2023, ta Kano kuma a 2025 ta dakatar da shigo da gwangwan daga jihohin arewa maso gabas. Doka tana iya tare mota a hanya, amma ba ta bin yaro juji.

A nan mai hankali zai kama ni ya ce, "Malam, ka cika mu da gurneti, ga shi kuwa na Hotoro harsashin igwa ne, na Gubio ma ba a ce gurneti ba ne." Gaskiya ne, na yarda. Amma ɗaliban usulu sun san ƙiyasi, in illa ta zama ɗaya hukunci ɗaya ne. Illar gurneti ita ce ƙarfe ne rufaffe wanda abin tayar da shi ke cikinsa, taɓawa na iya tashe shi. Harsashin igwa mai fukafukai a gindi kamar kifi, da kan roka, da gwangwani ko guntun famfo da aka toshe bakinsa waya na leƙowa, duk wannan illa na tare da su. Yaron da ya san gurneti da siffarsa ya sami asali, rassa kuwa sai a ɗora masa a kai. Wanda bai san kome ba sai bam, ba shi da inda za a ɗora.

Wani kuma zai ce, a bar yara da kalma ɗaya mai ban tsoro, ta fi saurin kora. Na yi shekara fiye da ashirin ina karantar da yara, ban taɓa ganin yaro ya guji suna ba, kama ya kan guda. Maciji ma ba mu ce wa yaro maciji kurum mu yi shiru, mu kan ce wannan kububuwa ce, gajeruwa, tana kwanciya cikin yashi, wannan kasa ce, ba ta gudu in ka zo, wannan gamsheƙa ce, tana fasa kai. Da haka ɗan ƙauye ke tsira a gona.

Akwai wata rikitarwa da ta ƙaru daga gidajen rediyo. Sun ɗauki kalmar nakiya sun ba abin da a ke binnewa a hanya don mota ko mutum ya taka, irin wanda ya tashi da matafiya a hanyar Ɗansadau ta Zamfara cikin Disamba 2024. Larabawa suna da kalma dabam domin wannan, su kan ce lagam. Mu da ba mu da ita, al'ada ta riga ta gudana, ba kuwa mai iya mai da kogi baya, amma ina roƙon masu fassarar labarai su riƙa cewa nakiyar binnewa ko nakiyar tarko, domin ita a hukunci 'yar gidan gurneti ce, ba 'yar gidan nakiyar dutse ba. In kuwa ba a tabbatar da ko mene ne ba tukuna, a ce abin fashewa, a dakata. Ran 17 ga Mayu 2022, da wani abu ya fashe a Sabon Garin Kano ya kashe mutum 9, kafin azahar gari ya rabu biyu, hukuma na cewa tukunyar gas, mutanen unguwa na cewa bam. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin abin da kalma ɗaya ke yi wa kasuwa, a rufe rumfuna, a tattake juna a ƙofa, a fara yi wa baƙo kallon tuhuma.

Da Alhaji ya komo bayan kwana biyu na faɗa masa abin da na rubuta a nan, na ƙara masa da cewa duk ƙarfen da ya zo rufaffe, ba a ganin cikinsa, kada a buga shi da guduma, kada a sa masa wuta don a raba shi da dalma ko tagulla, kada a jefa shi kan sikeli. Kuma kada ya saya daga hannun yaro ko da kyauta ne, gama in yara suka ga ba ya kawo kuɗi za su daina ɗaukowa. Ya ce, "To, Malam, in ya riga ya shigo rumfa fa?" Na ce a bar shi inda ya ke, a fitar da mutane, a gaya wa mai unguwa ko dagaci, su kuma su kira 'yan sanda, akwai sashe gare su na masu kwance irin waɗannan abubuwa. Kada wani mai ƙarfin hali ya ce zai kai shi ofis da kansa a bayan babur, ko ya jefa shi rijiya ko masai.

Ga 'yan'uwana malamai kuwa, mun saba koya wa almajirai babin tsintuwa, cewa wanda ya tsinci abu ya adana shi ya yi cigiya har shekara. Sai mu ƙara musu cewa akwai tsintuwar da ba a ɗauka, cigiyarta ita ce a sa alama daga nesa, a ruga a faɗa wa babba. Ni dai na sa wani gardi mai hannun zayyana ya zana mini su a bayan wani tsohon allo, gurneti da zobensa da cokalinsa, harsashin igwa da fukafukansa, sandar nakiya da ɗan bututunta, kowanne da sunansa a ƙasa da ajami. Allon yana rataye a zaure, kowace Laraba da yamma kafin a sallami yara a kan sauko da shi. Kolon nan mai nakiyar amarya shi ne yanzu ke fara faɗin sunayen.